Ziyarar Gandun Kiwon Grant-Kohrs a Montana: Tambayoyi da Amsoshi

Gandun kiwon Grant-Kohrs yana bakin garin Deer Lodge a jihar Montana, arewa maso yammacin Amurka. Zuriya ɗaya ce ta riƙe shi fiye da shekara ɗari, daga kaka har jika, sannan ya koma hannun gwamnati aka buɗe shi ga kowa. Ga tambayoyin da mai shirin zuwa ya fi yi, da waɗanda ya kamata ya yi.

Wane irin wuri ne, gidan tarihi ko gona?

Duka biyun ne, kuma nan darajarsa take. Majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a shekarar 1972, aka buɗe shi ga jama'a a 1977, kuma hukumar da ke kula da gandayen shaƙatawa da wuraren tarihi na ƙasar ce ke riƙe da shi. Faɗinsa eka 1,600 da 'yan kai, wato kimanin hekta 650, da tsofaffin gine-gine fiye da 80: gidan maigida, ɗakunan kwanan ma'aikata, bargogin dawaki, rumbun hatsi, maƙera, ɗakin ajiye ƙanƙara, da shingayen katako masu yawa. Amma ba a kwashe dabbobin an bar kango ba. Har yau akwai garken shanu, akwai dawakin aiki da kaji, ana ban ruwa, ana yankan ciyawa, shanu suna haihuwa, ana yi wa maruƙa shaida. Wanda ya tashi a gidan da ake kiwo, hancinsa zai riga idonsa gane haka.

A ina yake, kuma yaya ake isa?

Deer Lodge ƙaramin gari ne mai mutane wajen 3,000, a kan babbar hanya mai lamba 90. Daga Butte kimanin kilomita 60 ne, daga Helena babban birnin jihar kimanin 90, daga Missoula kimanin 130. Duk garuruwan uku suna da filin jirgin sama. Ana sauka daga babbar hanyar ta mafita mai lamba 184 ko 187, ta 184 ce ta fi kusa, domin gandun yana ƙarshen gari ta arewa.

Mota ce mafita. Jirgin ƙasa na fasinja ba ya bi ta garin, kuma bai kamata mutum ya dogara da samun tasi a ƙaramin gari irin wannan ba. A ɗauki hayar mota tun daga filin jirgi. Tuƙi ta hannun dama ne kamar a Najeriya da Nijar, sai dai allunan hanya da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Masu tafiya tsakanin gandun dajin Yellowstone da na Glacier sukan yada zango a nan, don kusan a tsakiyar hanya yake.

Nawa ne kuɗin shiga, kuma yaushe ake buɗewa?

Ba a biyan ko kwabo, har zagayen cikin gida da jami'i ke jagoranta. Ana buɗewa da ƙarfe 9 na safe a rufe da yamma, lokacin zafi a ɗan ƙara tsawon wuni. Akan rufe ranar Kirsimeti, da ranar sabuwar shekara, da ranar bikin godiya ta Amurkawa, wadda ke faɗowa Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A duba shafin hukumar a intanet kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, domin jadawalin sanyi yakan canja, kuma idan rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da ayyukan gwamnatin tarayya, wurare irin wannan sukan kasance a kulle.

Su wane ne Grant da Kohrs?

Johnny Grant haifaffen Kanada ne, an haife shi a 1831. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin fatu na Hudson's Bay ne, mahaifiyarsa kuma ruwa biyu ce, tana da jinin 'yan asalin ƙasar. Yadda ya tara garkensa dabara ce ta ɗan kasuwa. A lokacin ayarin masu ƙaura suna ratsa ƙasar da amalanke zuwa Oregon, kuma kafin su kai rabin hanya shanunsu sun rame, kofatonsu ya cinye. Sai Grant ya ba su sa ɗaya mai ƙoshi, ya karɓi ramammu biyu. Ya kora su kwarin Deer Lodge su yi sanyi cikin ciyawa, shekara ta zagayo ya mayar da su bakin hanya sun yi ɓulɓul, ya sake musaya. A 1862 ya gina gidan da ake gani yau, ƙasa kanti, sama wurin zama.

A wannan shekarar ce Conrad Kohrs ya shigo Montana neman zinariya. An haife shi a 1835 a yankin Holstein, wanda yau yake arewacin Jamus, ya bar gida yana ɗan shekara 15 ya yi aikin jirgin ruwa. Zinariyar ba ta samu ba, sai ya kama fawa a sansanin mahaƙa na Bannack, nan ya gane cewa mai ciyar da mahaƙi ya fi mahaƙin samu. Daga teburin nama ya koma sayen shanu don ciyar da mahautansa. A 1866 ya sayi gandun Grant a kan dala 19,200, Grant kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Manitoba a Kanada.

Akwai mutum uku da sunansu ba ya kan allo amma ba a ba da labarin babu su. John Bielenberg, ƙanin Kohrs ta wajen uwa, shi ne ke kula da gida da kiwon dawaki yayin da wansa ke yawon ciniki. Augusta, matar da Kohrs ya aura a 1868 tana shekara 19, ta iso ta jirgin ruwa a kogin Missouri, ta tarar da gida cike da ma'aikata maza, ita ta mayar da shi gidan iyali. Sai jikansu Con Warren, wanda ya karɓi ragamar gandun a 1932 ya saye shi a 1940, ya yi kiwon shanun Hereford da manyan dawakin Belgian. Shi da matarsa Nell ne suka adana kayan ɗaki da takardun kakanni, ba su sayar ba, ba su watsar ba, har aka miƙa wa gwamnati.

An ce Kohrs ya mallaki shanu 50,000. Ina suka shiga a fili eka 1,600?

Ba su taɓa zama a nan gaba ɗaya ba. Wannan gandun cibiya ce kawai, inda ake ajiye bijimai na iri, da dawaki, da littattafan lissafi. Garken yana can warwatse a filin Allah da ba shinge, eka miliyan 10 da ta ratsa jihohi huɗu na Amurka da larduna biyu na Kanada. Wannan kimanin murabba'in kilomita 40,000 ne, kusan ninki biyu na jihar Kano. Filin ba nasa ba ne, na gwamnati ne, kowa yana sakin shanunsa a ciki.

Kuma kiwon ba irin na makiyayin da ke bin garkensa da sanda ya san kowace saniya da sunanta ba ne. Sakin su ake yi su yi watanni babu mai bin su. Sau biyu a shekara ake haɗa mahaya daga gandaye daban-daban a tattaro su: farkon shekara bayan sanyi don yi wa maruƙa shaida, ƙarshen shekara don ware na sayarwa. Kohrs yakan loda shanu 8,000 zuwa 10,000 a jirgin ƙasa kowace shekara zuwa kasuwar Chicago.

To me ya kawo ƙarshen wannan kiwon sake?

Sanyin 1886 zuwa 1887. Wanda ya fahimci wannan shekara zai fahimci kusan duk abin da zai gani a gandun, don haka bari mu tsaya a kanta.

Tun kafin sanyin abubuwa sun riga sun lalace. Riba ta jawo masu jari daga gabashin Amurka da Birtaniya, aka cika filin da shanun da suka fi ƙarfin ciyawarsa. Farashi ya faɗi a Chicago, mutane da yawa suka ƙi sayarwa, filin ya ƙara cunkushewa. Lokacin zafi na 1886 ya zo da fari, ciyawa ba ta tashi ba, rafuka suka ƙafe, shanu suka shiga sanyi a rame. A Nuwamba dusar ƙanƙara ta sauko da wuri. Daga baya aka sami ɗan ɗumi, saman dusar ya narke, sanyi ya dawo ya daskarar da shi ya zama ɓawo mai tauri kamar gilashi. Doki yana iya fasa irin wannan da kofato ya kai ga ciyawa. Saniya da hanci take turawa, sai ɓawon ya yanke mata hanci da ƙafafu ta haƙura. A Janairu guguwa ta zo, sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri a wasu wurare. Shanu suka ba iska baya suna tafiya har su ci karo da shingen waya ko gaɓar kogi, su taru a nan su mutu a tsaye. Da iska mai ɗumi ta narkar da ƙanƙara a Maris, koguna suka riƙa kwaso gawarwaki. Masu kiwo da yawa sun rasa fiye da rabin dukiyarsu, wasu kamfanoni suka rushe baki ɗaya.

Kohrs ma ya yi asara mai yawa, amma abu biyu suka tsayar da shi. Shanun da ke kwarin Deer Lodge, inda duwatsu ke tare iska kuma akwai ajiyar ciyawa, sun tsira fiye da na fili. Sannan wani mai banki a Butte, A. J. Davis, ya ba shi rancen dala 100,000 ya sake sayen shanu lokacin da kowa ke gudu. Daga nan kiwo ya canja kama: a mallaki fili, a kewaye shi, a ja ruwa daga kogi, a noma ciyawa a ajiye. Wayar shinge mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da manoman da gwamnati ke raba wa filaye, suka ƙarasa rufe abin da ya rage. Kafin rasuwar Kohrs a 1920 ya riga ya sayar da mafi yawan filayensa.

Idan na isa, ta ina zan fara?

A ajiye mota a gaban ƙaramin ofishin baƙi, a shiga kafin komai. Nan ake karɓar taswira, a ji abin da za a nuna a ranar, a kuma sa suna a zagayen gida. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa: ba a shiga gidan sai da jami'i, rukuni ƙarami ake ɗauka, wanda ya zo da rana tsaka a watan Yuli bai sa suna ba yana iya jiran awa biyu ko ya rasa.

Daga ofishin akwai tafiyar ƙasa ta kimanin mita 400, hanyar ta bi ta ƙarƙashin layin dogo. Kada a ɗauki dogon nan abin da ya ɓata wa wurin kyau. Isowar jirgin ƙasa kwarin a 1883 ita ta haɗa shanun nan da kasuwa, kuma jirgin kaya yana wucewa har yau.

Awa biyu ta isa a ga gida da gine-ginen da ke kewaye da shi. Mai son ya ga gonakin ciyawa da magudanan ban ruwa da bakin kogi ya ware rabin wuni. Shawararmu ita ce a fara da bargogi da maƙera tun da sanyin safe, lokacin da ake ba dabbobi abinci, a bar gida sai rana ta ɗaga.

Me ke cikin gidan?

Gaban gidan, fari mai korayen tagogi, shi ne ginin Grant na 1862, gungumen itace ne aka lulluɓe da katako. Bayansa ɓangaren jan bulo ne da Kohrs ya ƙara a 1890, da ɗakin cin abinci, madafa, da ɗakin gilashi inda Augusta ke renon furanni a tsakiyar sanyi. Kujeru da tangaran da fitilu da zanen bango kayan iyalin ne na ainihi, ba kwaikwayo aka tattaro daga kasuwa ba, shi ya sa ba a taɓa komai, ba a kuma zama a kan kujera. Ɗakunan ƙasa ake zagayawa, ba a hawa bene. A lura da teburin ofishin Kohrs, daga nan ake juya harkar shanu dubu hamsin da alƙalami da wasiƙa.

Bayan an fito a leƙa ɗakunan kwanan ma'aikata da ke 'yan taku kaɗan. Gadaje ƙanana, murhu ɗaya, dogon tebur. Tazarar da ke tsakanin rayuwar maigida da ta yaransa a fili take.

Mene ne wannan dogon katako mai kama da tsani da ke tsaye a gona?

Sunansa beaverslide, kuma a ganinmu shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kalla a gandun duka. Na'urar tara ingirici ce, wasu makiyaya biyu a kwarin Big Hole na Montana suka ƙirƙiro ta a 1908. Gangare ne na sandunan itace mai tsawon kimanin mita 9, da faffaɗan kwando mai haƙora a gindinsa.

Aikin yana tafiya haka. A yanke ciyawa da injin yanka da dawaki biyu ke ja, a bar ta a ƙasa ta sha rana kwana biyu ko uku. A tattara ta layi-layi da babban manjagara. Sai a zo da wani manjagaran mai dogayen haƙoran katako a gaba, ya turo tulin ciyawa ya ɗora kan kwandon. Dawaki biyu su ja igiyar ƙarfe da ta bi ta kan ƙafafun juyi, kwandon ya hau gangaren da sauri, ya kai ƙarshe ya watso ciyawar ta baya. Mutum ɗaya ko biyu suna saman tulin da cokulan ciyawa, suna bazawa suna tattakawa, suna kula tsakiya ta fi gefe tudu. Tuli ɗaya yakan kai tan 20, kamanninsa kamar katon burodi.

Abin da ke lalata aikin ruwa ne, ta hanya biyu. Idan aka tara ciyawa da sauran danshi, fiye da kashi 20 cikin ɗari, cikin tulin yakan ɗau zafi, ta yi fumfuna, wani lokaci har wuta ta tashi da kanta bayan makonni. Idan kuma aka bar tsakiyar tulin ta lotsa, ruwan sama ya taru a ramin ya ruɓar da ita daga sama zuwa ƙasa. Tulin da aka gina daidai, samansa ne kawai ke baƙi, cikinsa yana nan kore shekara da shekaru.

Lissafin da ke bayan wannan wahala mai sauƙi ne. Babbar saniya tana cin kilo 12 zuwa 14 na ingirici a rana, sanyin Montana kuma yana iya hana kiwo wata biyar. Kusan tan biyu ke nan ga kowace saniya, wato tuli ɗaya na shanu goma ne. Mai shanu ɗari yana bukatar tuli goma kafin dusar farko. Akan nuna wannan aiki da dawaki a tsakiyar lokacin zafi, wajen Yuli zuwa Agusta, ranakun kuma sun danganta da bushewar ciyawa.

Yaya ake yi wa maruƙa shaida, kuma ana iya kallo?

Ana iya kallo a ranar da aka ware, yawanci cikin Yuli. Shaidar gandun haruffa biyu ne, CK. A filin da shanun mutum hamsin ke cakuɗe, lalas ɗin nan shi ne kaɗai hujjar mallaka, kuma har yau jihar Montana tana rajistar kowace shaida da gurbin da ake buga ta a jikin dabba. Ɗan maraƙi shaidar uwar da yake bi ake buga masa.

Ana gasa ƙarfen har ya yi launin toka, ba ja ba. Jan ƙarfe yana ƙone fata ya huda ta, ya bar miki. Wanda bai yi zafi sosai ba gashi kawai yake babbakewa, bayan wata biyu shaidar ta ɓace. A kayar da maraƙin, mutum ɗaya ya danne wuya, ɗaya ya ja ƙafar baya, a danna ƙarfen daƙiƙa uku zuwa biyar ba tare da ya zame ba. Idan ya yi kyau wurin yakan yi launin fatar sirdi. Ba a yi wa jiƙaƙƙen maraƙi, domin tururi yana dafa fatar ya dagula haruffan. Akwai hayaƙi da ƙauri da kukan dabba, mai zuwa da ƙananan yara ya san da haka tun da wuri.

Wane irin shanu da dawaki zan gani?

Hereford, ja mai farar fuska. Shorthorn, mai gajeren ƙaho, irin da Kohrs ya fara shigowa da su don gyara garkensa. Da Longhorn, mai dogon ƙaho a baje, jikokin shanun Sifaniya da aka koro daga Texas. Babu mai tozo a cikinsu, kuma a sanyi gashinsu yakan yi kauri. Dawakin jan kaya kuwa, ɗaya yakan kusa tan guda, kofatonsa kamar faranti.

Kaboyin gaskiya yana kama da na fim?

Kaɗan. Kaboyi lebura ne a kan doki, albashinsa dala 30 zuwa 40 a wata, aikinsa na 'yan watanni, da sanyi ya shigo a sallami yawancinsu. Da yawa samari ne, kuma a cikinsu akwai baƙaƙen fata da 'yan Meziko da 'yan asalin ƙasar. Sana'ar kanta, da sirdin da igiyar zarge, daga makiyayan Meziko aka gaje ta. Kogi da faɗuwa daga doki da tsawa sun fi bindiga kashe su.

A tsaya wajen amalanken girki. Akwati ne a bayan amalanke, murfinsa ya sauko ya zama tebur, cikinsa aljihuna na fulawa da wake da sukari da gishiri da kofi, gangar ruwa a ɗaure a gefe. A lokacin zafi jami'i yakan dafa kofi a kan wutar itace ya ba baƙi: garin kofi da ruwa kawai, a tafasa, a zuba ɗan ruwan sanyi garin ya kwanta. A maƙera kuma za a ga abin da kowa ya sani daga gida, uwar maƙera da masaba da awartaki, sai dai yawancin aikin takalmin doki ne da ƙarafan amalanke.

Kafin Grant da Kohrs, ƙasar ta wa ce?

Kwarin hanya ce da wurin farauta na al'ummomin Salish, Pend d'Oreille, Shoshone, Bannock da wasunsu. Grant ya zauna lafiya da su, ya auri 'ya'yansu, cikinsu har da 'yar'uwar Tendoy, shugaban Shoshone na Lemhi. Filayen gabas da Kohrs ya cika da shanu kuwa na ɓaunar Amurka ne, miliyoyinsu, abincin ƙabilun filin da suturarsu. Zuwa 1883 mafarauta sun kusa ƙarar da su, aka tura mutanen cikin keɓaɓɓun yankuna da yunwa da ƙarfin soja. Ciyawar da ake cewa ta kyauta ce, haka ta samu. A tambayi jami'ai wannan kai tsaye, suna amsawa.

Wane wata ya fi, kuma me zan sa?

Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba ne ake nuna ayyuka da yawa. Rana takan kai digiri 27, amma wurin yana da tsayin mita 1,370 daga teku, safiya da dare sukan sauka ƙasa da digiri 10, don haka a riƙe rigar sanyi ko a Yuli. Iskar busasshiya ce kamar ta hunturu, leɓe yana tsagewa, ƙishi yana zuwa ba a sani ba. A ɗauki ruwa da hula da man shafawa. Sauro yana yawa a bakin kogi a Yuni da Yuli. A Agusta hayaƙin gobarar daji yakan rufe duwatsu, mai ciwon asma ya duba yanayin iska kafin ya fito. Takalmi rufaffe, ba silifa ba: akwai tsakuwa, kashin shanu da tsofaffin ƙusoshi.

Mai jure sanyi ya zo a Janairu zai ga dalilin tara ingiricin da idonsa, amma sai da safar hannu, hular kunne da takalmin dusa.

Yara da tsofaffi fa?

Yara suna da ɗan littafin aiki da ake karɓa a ofishin baƙi, su cika a ba su bajo. Wanda tafiyar mita 400 za ta yi wa wuya, ko mai keken guragu, ya faɗa wa jami'ai tun a ofis, suna da tsarin kusantar da shi. Wasu tsofaffin gine-ginen suna da dokin ƙofa mai tudu da daɓe marar daidai.

Waɗanne kurakurai baƙi suka fi yi?

Hawa shinge don ɗaukar hoto: katakon tsoho ne, yana karyewa. Shiga tsakanin saniya da ɗanta. Zagayawa ta bayan doki. Miƙa wa dabba abinci da hannu. Buɗe ƙofar shinge a wuce ba a rufe ba, alhali ƙa'idar ƙasar kiwo ita ce a bar kowace ƙofa yadda aka same ta. Shan taba kusa da barga, inda tartsatsi ɗaya zai cinye ginin shekara 150. Ɗaukar tsohon takalmin doki ko ƙusa a sa a aljihu laifi ne a dokar tarayya, haka tashin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Kare ba ya shiga cikin tsofaffin gine-gine. Idan hadari ya taso da tsawa ana cikin gona, a koma mota ko cikin gini, kada a fake gindin bishiya ko kusa da shingen waya.

Ana iya shan ruwan kogin ko wasa a bakinsa?

Kada a sha. Kogin Clark Fork ya biyo ta Butte da Anaconda, inda aka yi shekaru ana haƙar tagulla ana narkar da ita. Ambaliyar 1908 ta kwaso dattin ma'adinai mai arsenik da dalma da tagulla ta shimfiɗa a gaɓar kogin, har cikin gandun, ta bar wuraren da ciyawa ta ƙi fita shekara da shekaru. An yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa da sake dasa itatuwa, tsuntsaye da barewa suna nan da yawa, amma kada a bar yara su tona laka, kuma a wanke hannu kafin cin abinci.

Ina zan yi salla, me zan ci?

Babu masallaci a gandun, babu kuma kantin abinci. Akwai banɗaki da ruwan famfo, da fili mai tsabta kusa da wurin ajiye motoci inda mutum zai shimfiɗa darduma. Alƙibla a nan tana arewa maso gabas, ta fi karkata arewa, ba gabas sak ba kamar yadda jiki ya saba. Lokutan salla suna da nisa da na gida: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kafin 5 ta faɗi. A gidajen abincin gari a tambaya kafin a ci, domin naman alade yana shiga wake da miya da kayan karin kumallo ba tare da an rubuta ba. Guzuri daga Missoula ko Butte ya fi kwanciyar hankali.

Akwai abin da mai kiwo a ƙasarmu zai ɗauka daga nan?

Akwai, in an ɗauka da hankali. Abin da sanyi yake wa makiyayin Montana shi rani yake wa namu: watanni da ƙasa ba ta ba da komai. Mai ɗora harawa a kan rufin soro ko cikin rassan bishiya ya riga ya san amsar, bambancin yawa ne da lissafi, tan nawa ga kai nawa na wata nawa, da kula da danshi. Wannan ana iya koyo. Amma masu kiran a killace kiwo kamar yadda Amurka ta yi su lura da abin da ya tallafi Kohrs: kogin da dusar duwatsu ke cikawa daidai lokacin ban ruwa, dogo har ƙofar gida, banki mai ba da rance a shekarar asara, takardar mallakar fili da kotu ke karewa, da ƙasa mai faɗi wadda aka riga aka kori masu ita. Shinge shi ne mafi arha a cikinsu.

Ina zan kwana, kuma me ya rage a garin?

Ba a kwana a gandun. Akwai ƙananan masaukai a Deer Lodge, Butte kuma ta fi zaɓi, a kama ɗaki da wuri idan Yuli ko Agusta ne. A ɗaya ƙarshen babban titin garin akwai tsohon kurkukun Montana, wanda ya yi aiki daga 1871 zuwa 1979, yanzu gidan tarihi ne kuma shi ana biyan kuɗin shiga. A tsakiyar gari akwai ɗakin karatu na William K. Kohrs, wanda Conrad da Augusta suka gina don tunawa da ɗansu namiji tilo da ya rasu a 1901 yana ɗalibi. Shi ne ɗakin karatun garin har yau, ana shiga kyauta a ranakun aiki.